Robar Gefen Dama

Mijin yayata ya shekara goma sha tara yana haya da babur. A bakin kasuwa Sannu-Sannu ake ce masa, don mai keke ma kan wuce shi. Samari ba sa hawansa. Fasinjojinsa tsofaffin mata ne masu kwandon ƙwai, da iyayen da ke ba shi 'ya'yansu ya kai makaranta. Bai taɓa kayar da kowa ba. Ba gona, ba shago, wannan shaidar ce dukiyarsa, ita da jan baburinsa.

Ni faci nake yi a gindin katangar tasha. Ranar da ya sayi babur ɗin nan, na ukunsa, bai kai shi gida ba sai da ya biyo ta wurina. Ya nuna mini gefen tanki inda gwiwa ke guga, ya ce in yi masa dabara kafin wandonsa ya cinye fentin. Na jawo tsohon tub na babbar mota, na yanko biyu kamar faɗin tafin hannu, na kankare bayansu, na shafa gam, na bari ya sha iska, na manna hagu da dama. Na tsattsaga su da reza don gwiwa ta samu abin kamawa. Ya ce sun yi muni kamar mai yin su. Na ce shi ya sa za su daɗe.

Daga nan duk ƙarshen damina sai ya zo in sake masa. Kullum biyun tare suke cinyewa, su yi sulɓi kamar sabulu. Ina aiki yana kan benci, yana kawo mini ƙarar yayata, wai faɗanta gado ne, a gidanmu ta ɗauko.

Bana tun damina ba ta raba ba ya zo. Ya ce ta dama kawai yake so in sake, in sa mai kauri, in zurfafa tsagar, gwiwarsa na zamewa. Na tsuguna na duba. Ta hagu ta cinye. Ta dama tana nan yadda na yanka ta, har ƙura ta kwanta a tsagoginta. Na kalli abin taka birki, a gefen dama yake, ya fara tsatsa. Na kalli takalminsa, bakin na dama ya goge kamar ana jan sa a ƙasa.

Yana ba ni labarin wani da ya hau da akuya. Na ɗauki filaya na kama babban yatsan ƙafarsa ta dama da ya leƙo daga takalmi, na matse, matsar da za ta sa ƙato ya daka tsalle. Ya ci gaba da labarin akuya har ya kai wurin dariya. Sai ya ga ban yi ba, ya bi idona ya kalli ƙasa.

"Yaya, tun yaushe?"

Ya ce wata uku. Ya ce birkin hannu ya ishe shi, ai na san tafiyarsa, wa ya taɓa kuka da shi? In dai na kauraro robar, gwiwar za ta zauna.

"Yara nawa kake ɗauka da safe?"

"Uku." Ya sassauta murya. "Ƙanina, manna mini kawai. Kada yayarka ta ji. In na sauka daga kan abin nan, ni wane ne?"

Ban iya wa'azi ba. Na zare makullin babur na sa a aljihu, na rufe akwatin kayana, na kama babur na fara turawa. Ya biyo ni yana jan ƙafa, yana tuna mini cewa shi ya goya ni zuwa asibiti ranar da taya ta fashe mini a fuska, shi ya zauna da ni kwana biyar. Gaskiya ne. Ban juya ba.

Yayata na wanki a tsakar gida. Na ajiye makullin a bakin baho na gaya mata. Ba ta yi ihu ba. Ta ce sau biyu ya shigo da takalmi ɗaya bai sani ba, ta ɗauka gajiya ce. Ta ci gaba da matse rigar da ke hannunta, ruwan ya ƙare, tana matsewa.

A asibiti suka ce suga ne ya ci jijiyar, kuma ba ta dawowa. Iyayen yaran suka zo dubiya, suka yi masa addu'a, mako na zagayowa suka samu wani mai babur.

Har yanzu ƙarfe bakwai na safe yana cikin rigar aiki, zaune a ƙofar gida. Duk Asabar nakan kai musu abin da ya samu. Yayata ke karɓa. Ina gaishe shi, Yaya ina kwana, ya jiki. Wata huɗu ke nan, bai amsa ba.