Wayar da Kawu Ya Tsinto a Hamada

Shekarar da Kawu ya dawo daga arewa, ina aji na uku a kwalejin Tasawa, na zo hutun damina ƙauyenmu da ke ƙasar Mayahi. Fari ya riga ya yi mana ɓarna shekaru a jere. Sojoji ke mulki, su ne kuma ke raba jar dawar taimako, don haka muna yi musu godiya da ƙarfi, ƙorafi kuwa sai an shiga ɗaka.

Kawu shi ne autan Kaka, mahaifiyar uwata. Ya daɗe yana bin manyan motocin da ke ratsa hamada har iyakar Cadi, inda aka gwabza yaƙi. Duk gidan mun sa rai zai zo da buhun shinkafa. Da ya kwance kayansa, sai ga wani guntun icce an naɗe masa waya ja, siririya kamar gashin wutsiyar doki.

"Mi ke nan, Auta?" in ji Kaka.

"Inna, wanga abin da kike gani, tankar yaƙi yake kashewa."

Kaka ta ɗaga wayar ta duba a rana. "Ana dafa ta?"

Da la'asar ya yi mana bayani, ya sassauta murya don kada maganar ta tsallaka danga. Ya ce bayan yaƙin ya ga tankoki a ƙone, wayoyi irin wannan kuma shimfiɗe kan rairayi kamar gizo-gizo ya yi saƙa. Makami mai linzami ne ke jan su. Idan aka harba shi, yana tafiya yana warware wayar a bayansa, ta cikinta kuma ake gaya masa ya yi dama ko hagu. Na farkon da aka ƙera, in ji shi, da hannu ake tuƙa shi da wani ɗan sanda, in gaban mai harbi ya faɗi, makamin ya yi daji. Sai aka yi na biyu, wanda ya bar wannan wayar: kai dai ka kafa wa tankar ido, na'ura ta yi sauran. Yanzu kuma Turawa na shirya na uku, mai idon kansa, ba waya ba komai. Ka harba, ka tashi, ka manta da shi.

Ni abin da ya tsaya mini a rai wayar ce. Na yini ina tunanin wani ƙarfe da ke gudu cikin iska yana jan cibiyarsa, har ya mutu bai rabu da hannun da ya sake shi ba. Na rubuta baitoci a kan haka da Faransanci, waɗanda na gode Allah babu wanda ya iya karanta su a gidan.

Kaka ba baitoci ne damuwarta ba. Kawu ya ce da zarar an cire amfanin gona zai koma, don ƙasar nan ba ta ciyar da mutum kuma. 'Ya'yanta maza biyu sun riga sun bi wannan hanyar, ɗaya yana aiko da gaisuwa, ɗayan ko gaisuwar babu. Ta yi ta binsa da magana har ya gaji, ya faɗa a gaban kowa:

"To Inna, in rumbunki ya cika bana, ba ni komawa."

Ya faɗa ne yana murmushi. Rumbun Kaka babba ne, tun zamanin Kakanmu namiji, kuma ni ban taɓa ganinsa cike ba.

Ruwa ya zo a shekarar, ba laifi. Hatsi ya yi kai, ya fara ido. Sai ga jan baki. Wanda bai ga tsuntsayen nan sun sauka a gona ba zai ɗauka hayaƙi ne ke tasowa daga yamma. A da, igiyar kaba ake ja daga rumfa zuwa kusurwoyin gona, a rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki, a riƙa girgizawa. Amma kabar gulbi an sare ta an kai kasuwar Gidan Amumune a shekarun yunwa, igiyoyin gida kuma awaki sun cinye su kafin su ma su mutu.

Kaka ta ce a miƙo mata wayar Auta.

Silli ɗaya ba ya ɗaukar gwangwani, tsinkewa yake yi. Ta zauna ta tufka ta ninki-ninki a cinyarta har fatar wurin ta yi ja. Muka kafa sanduna, muka rataya gwangwanayen madarar taimako, waɗanda sai a ranar suka yi mana amfani na biyu. Kawu ya taya mu ɗaurewa yana dariya.

"Inna, kin san kuɗin makamin da ya ja wagga waya ya fi ƙauyen ga duka, har da limaminsa?"

"Shi ya sa na ce ka ɗaure ta da kyau."

Mai gari ya biyo ta hanyar gona ya ga abu na ƙyalli, ya tsaya. A lokacin ko kwanson harsashi aka gani a gidanka, sai ka je Mayahi ka yi bayani. Ya tambayi Kaka daga ina. Ta ce zaren ɗinkin ƙwarya ne, na zamani. Ya kalli tsuntsayen, ya kalli gonarsa da ke maƙwabtaka da tamu, ya tambaya ko akwai saura.

Ni da Kaka muke zaman rumfa, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Ta naɗe tafinta da tsumma saboda wayar na yanka. In garken ya karkata gabas ta ja ta gabas, gwangwanaye su ɗauki ƙara, tsuntsaye su tashi su faɗa yamma, ta ja ta yamma. Ni kuwa da an ba ni, sai in shagala da kallon yadda suke murɗewa a sama kamar zane a hannun mai wanki, har Kaka ta daka mini tsawa da sunan da ake kiran 'yar makaranta:

"'Yar lakwal! Waƙa kike yi musu? Ja!"

Kawu yakan kawo mana ruwa ya tsaya yana kallo. Ya ce Kaka irin makamin nan na farko ce, mai tuƙi da hannu, ni kuma ban kai ko wannan ba. Kaka ta ce ita dai ba ta iya harbawa ta manta ba.

Ba mu ci yaƙin duka ba. Gefen yamma sun cinye shi tas, sai kara. Da aka yi girbi aka ɗaure damma, duk mai ido ya san ba za su kai wuyan rumbun nan ba. Na ga Kawu yana gyaran takalminsa na tafiya.

Sai Kaka ta tashi da safe ta zagaya rumbun, ta ƙwanƙwasa ƙafarsa, ta ce gara ta ci shi, ba za ta zuba hatsin da ta sha rana a kansa cikin ruɓaɓɓen abu ba. Ranar kasuwa, Kawu na can, ta kira maƙwabta aka rushe shi aka ɗinka sabo. Ita ta tsaya a kan masu aikin, ita ta zana da'irar gindinsa a ƙasa da ƙafarta. Na lura tana zanawa tana waiwayen tulin damman.

Kawu ya dawo da yamma ya tarar da wani ɗan rumbu tsaf, kamar na amarya. Aka jera damma a ciki, suka cika shi har hular ta ƙi zama, saura biyu aka kai ɗakin Kaka. Ya zagaya shi sau ɗaya, ya kalli faɗin tabon tsohon a ƙasa, wanda ya kewaye sabon da tazarar da akuya za ta kwanta.

"Inna, wanga ba shi ne rumbun da na ce ba."

"Rumbuna ka ce. Na wa ne wanga?"

Ya juyo gare ni, wai ni mai ilimi in raba gardama. Na ce ni dai na ga rumbu, na kuma ga ya cika. Ya zauna a kan turmi ya yi ta dariya har ya share ido. Ya ce Turawa na can suna wahalar koya wa makami bin tanka, ga Inna ta ɗauko tankar ta aza a gaban makamin.

Bai koma ba. Da rani ya shiga aikin yasar rijiya, yana mita, yana ba yara labarin hamada. Wayar kuwa Kaka ta warware ta daga sanduna ta adana, kuma don kada ta zama ta yi wa mai gari ƙarya, ta ɗinke ƙwaryar furar Kawu da ita.