Gwaggon Aro

Duk wanda ya yi makarantar nan ya san Gwaggo Mai Keke. Rumfarta na cikin lungun bayan katanga, inda ɗalibai ke bi in an tashi, malamai kuwa ba sa leƙawa. Benci ɗaya ne a ciki, sai kwandon ƙyallaye, sai keken ɗinkin da ya girmi yawancin malaman. Ita ke liƙa bajo, ita ke sa zik, ita ke rage siket ɗin da uwa ta sayo da girma don ya yi ƙarko. Ta yi aure har sau biyu, Allah bai ba ta haihuwa ba. In an taɓo zancen sai ta ce 'ya'yanta sun fi a ƙirga, kuma ba ta taɓa saya wa ko ɗaya takalmi ba.

Tana da wata sana'a ta biyu da ba a rubuta a jikin rumfar ba. In ɗalibi ya yi laifi aka ce ya zo da wani daga gida, shi kuwa ya san abin da ke jiransa a gidan, sai ya lallaɓo ya tsuguna gaban keke. Gwaggo ta wanke shi tas, ta rantse ba inda za ta, sannan ta miƙa hannu ta sauko da mayafinta mai kyau daga kan ƙusa. A ofis ta san aikinta: ta tafa hannu, ta yi salati, ta murɗe kunnen yaro, ta ce, "Malam, bar ni da shi, yau sai jikinsa ya gaya masa." Malamin ladabtarwa har ya saba da ita, yakan ce, "Baiwar Allah, wannan dangi naku akwai yawa, ga rashin jin magana." Ba ta karɓar komai. Abin da take so bai wuce a jawo mata kujera a ce mata "ɗanki" ba, kuma wannan ko ita ba ta yarda ta faɗa wa kanta.

Ranar da abin ya juye mata, wadda ta zo ta tsuguna ba irin masu zuwa ba ce. Wata yarinya ce 'yar ajin ƙarshe, wadda ƙawayenta ke kira Shiru-shiru, ita ke zuwa ta ɗaya tun shigarta.

"Gwaggo, an ce in zo da wani daga gida."

"Ke? Ke da ko ƙuda ya sauka a hancinki sai kin nemi izini kafin ki kore shi? Me kika yi?"

"Ba komai. Umma na wurin aiki, ga hawan jininta. Na ce musu a hannun gwaggona nake. Ki zo kawai ki ce to."

Gwaggo ta yi dariya ta ɗauko mayafi.

Sai dai yarinyar ba ta nufi ofishin da aka saba ba. Ta wuce shi, ta wuce ɗakin karatu, ta tsaya a wata ƙaramar ƙofa a ƙarshen baranda. Ɗakin malamar shawara ne, wadda ɗalibai ke zuwa wurinta in suna da damuwa ko suna neman abin da za su karanta gaba. Gwaggo ba ta taɓa shiga ba. Ciki akwai labule, da kujeru masu laushi, da tukunyar fure a taga. Ta duba kusurwa, ta duba bayan ƙofa, ba bulala. Rashin bulalar nan ne ya fara sa gabanta faɗuwa.

Duk da haka ta fara abin da ta iya. Ta tafa hannu, ta kai hannu kunnen yarinyar. "Malama, ki gaya mini abin da ta yi, yau sai..."

"Gwaggo, sake ta," in ji malamar. Matashiya ce, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta tashi ta rufe ƙofa. "Ba ta yi laifin komai ba. Zauna."

Ta yi bayani a hankali. Abin da ɗalibi ya faɗa a ɗakin nan ba ya fita, ko shugabar makaranta ba ta ji. Abu ɗaya ne ke sa a kira gida, shi ne in ran yaro na cikin haɗari. Yarinyar ta daɗe tana zuwa. Yau da safe ta ce ta gaji da rayuwa, kuma ta daɗe tana tunanin barin duniyar da hannunta.

"Shi ya sa ba za ta fita makarantar nan ita kaɗai ba," in ji malamar. "Sai na danƙa ta a hannun wanda ke kwana gida ɗaya da ita. Gobe za ku kai ta asibiti, akwai likitan da muke aiki da shi. Kafin nan kar a bar ta ita kaɗai, a kuma kawar da magunguna da duk wani abu mai kaifi. Wa ke kwana ɗaki ɗaya da ita?"

Gwaggo ta dubi yarinyar. Ba ta san gidan ba. Ko unguwar ba ta sani ba.

"Ƙanwata," yarinyar ta amsa da sauri.

"Tana cin abinci kuwa?"

Wannan kam Gwaggo ta sani, kuma sanin ne ya fi tsorata ta. A zangon nan ta rage ƙugun siket ɗin yarinyar, bayan 'yan makonni ta sake ragewa, har ta tsokane ta da cewa ko iska za ta yi takara da ita. Sannan makon jiya yarinyar ta kawo rigarta ta ce a ƙara tsawon hannu, ya rufe har wuyan hannu. Gwaggo ta nemo ƙyalle mai kala ɗaya, ta yi ɗinkin da ko ido bai gani, tana alfahari da aikinta. Yanzu ta dubi hannun rigar. Yarinyar ta damƙe bakinsa da yatsu, ta ja shi ƙasa.

"Gwaggo, kin ji ni?" in ji malamar. "Za ki iya riƙe ta daren yau?"

Kalma ɗaya ce, an ma riga an gaya mata ita tun a rumfa. In ta ce to, sai su fita, a rabu lafiya. Ta kuwa san abin da zai biyo baya: a bakin lungu yarinyar za ta yi mata godiya, ta juya, ta tafi gidan da ba wanda ya san komai, uwa na wurin aiki. In kuma ta faɗi gaskiya, asirin shekaru ya tonu, za a iya tashin rumfarta daga jikin katanga, ga yarinyar da ta amince da ita tana kallonta. Idanun nan na roƙo ne, kai na girgiza kaɗan-kaɗan. Gwaggo ba ta taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, har ƙarar agogon bango sai da ta dame ta.

Ta zame mayafin daga kafaɗarta ta ajiye a cinya.

"Malama, ni ba kowanta ba ce. Tela ce ni, a bayan katangar nan. Ban san ƙofar gidansu ba. Ki kira uwarta."

Yarinyar ta yi wata ƙara ta miƙe. "Kin kashe Umma! Wallahi in ta ji faɗuwa za ta yi! Na ce ki ce to kawai!" Ta yi ƙofa. Gwaggo, da gwiwarta mai ciwo, ta riga ta, ta jingina bayanta da ƙofar. Yarinyar ta dake ta a ƙirji, ta sake duka, sannan ƙarfinta ya ƙare ta sulale ƙasa tana kuka. Gwaggo ta bi ta ƙasa ta riƙe ta, tana jin ƙasusuwan yarinyar ta cikin rigar da ta gyara.

Malamar ta ɗauki waya ta kira uwar. Jiran ya yi tsawo. Duk takun da aka yi a baranda sai Gwaggo ta dubi ƙofa, tana raya cewa in uwar yarinyar ta yanke jiki ta faɗi, alhakin rai biyu na wuyanta. Can aka ƙwanƙwasa. Wata mata ta shigo da rigar aiki, tana haki, takalmi ɗaya ya tsinke. Malamar ta zaunar da ita ta gaya mata. Matar ta dafa kujera, ta rufe ido, leɓenta na motsi. Ba ta faɗi ba. Ta sauko ƙasa ta ce, "Zo nan, uwata." Gwaggo ta saki hannu, ta ɗauki mayafinta ta fita, ba wanda ya lura.

Ba a tashi rumfar ba, amma an gaya wa maigadi kar ya sake barinta ta shiga. Labari ya zaga. Ɗalibai suka ci gaba da kawo zik da bajo, sai dai ba mai tsugunawa, wasu ma sun koma ce mata Mai Keke kawai. Yarinyar ba ta ƙara bin lungun ba. Gwaggo ba ta da wanda za ta tambaya. Kullum in an tashi sai ta tsayar da keke tana duba fuskoki, in ta ga malamai sun taru a bakin ƙofa suna magana ƙasa-ƙasa sai zare ya ƙi shiga allura.

Ana gab da jarrabawa, wata safiya, inuwa ta tsaya a bakin rumfa. Matar nan ce mai rigar aiki, da ƙunshi a hannu. Gwaggo ta miƙe. Matar ta kwance ƙunshin ta ajiye a kan keke. Siket ɗin ne.

"Ta ce ke kika rage shi," in ji ta. "Ki sake shi kaɗan. Ya fara matse ta."