Goggon Kemis da Cututtukanta na Aro

Kullum da safe, kafin ta buɗe ƙofar kantin maganinta, sai Goggon Kemis ta zagaya ɗakin ajiya da ke baya. Ta duba sanyin firjin allurai, ta ture kwalaye gefe, ta jera kujerun roba. Daga nan ta saka farar rigarta, ta rataya tabarau a wuya, ta shiga sallamar masu takardar likita. Kafin la'asar kujerun nan sun cika.

Masu zama a kansu masana harhaɗa magunguna ne da suka yi karatu a ƙasashen waje, waɗanda ba su da ikon ba kowa ko ƙwaya ɗaya sai sun ci jarrabawar lasisi. Ita ma Goggo ta wannan ƙofar ta shigo a ƙuruciyarta, ta sha wuya don ba ta sami mai nuna mata hanya ba. Tun daga lokacin ta ɗaukar wa kanta koyar da na baya.

Bara sai hukuma ta sauya jarrabawar. A da rubutu ne kawai. Yanzu kuwa za a shigar da mutum ɗaki, a zaunar masa da wani mai kwaikwayon mara lafiya, masu jarrabawa na gefe suna sauraron yadda zai yi da shi. Ranar da labarin ya iso ɗakin ajiya, hankalin kowa ya tashi. Wanda ya fi kowa shiga damuwa shi ne Dogo, magidanci mai 'ya'ya, wanda ya daɗe yana aikin magani a ƙasar da ya yi karatu, amma a nan tasi yake tuƙawa. Ya taɓa faɗuwa, kuma damar ƙarshe ce ta rage masa.

"Goggo, ni kam na haƙura," in ji shi. "Littafin na haddace shi, amma da an zuba mini ido bakina yake mutuwa."

"In kiɗa ya canza, rawa ma canzawa take," ta ce. "Gobe ka zo da bakin naka, ko a mace ne."

Washegari suka tarar da wata tsohuwa a duƙe, da sanda da mayafi har goshi, tana nishi. Sai da ta yi magana suka gane Goggo ce. Dogo ya gyara tsayuwa, ya fara zubo bayani irin na littafi.

"Me ka ce, ɗan nan? Kunnen nan ba ya ji."

Ya ɗaga murya ya maimaita. Ta juya masa ɗaya kunnen.

"Wannan ma ba ya jin Turanci."

Dariya ta ɓarke, har da shi. Da ya miƙa mata maganin ciwon gwiwa, sai ta yaye mayafin.

"Ka tambaye ni ko ina shan wani magani? Tsohuwar nan tana shan na tsinka jini. Da ka haɗa mata da wannan, sai asibiti."

Haka aka yi ta yi har watanni. Yau ita ce uwa mai rigima, gobe mai ciwon suga da ke ɓoye alewa a jaka. Har mai gidanta ta jawo cikin wasan, shi kuwa kullum sai ya manta cutar da aka ba shi.

"Wai yau me ke damuna?" yakan tambaya.

"Ciki gare ka, ya kusa haihuwa. Zauna."

Ranar jarrabawa, daga can Dogo ya zarce kantin, fuskarsa a sake.

"Goggo, tsohuwar da suka ba ni ai mai sauƙin kai ce. Kunnuwanta duka biyu suna ji."

Da sakamako ya fito ya ci, tare da mafi yawan 'yan ɗakin. Matarsa ta zo godiya, sai hawaye. Goggo ta ce, "Ke, share idonki, kada masu sayen magani su zaci wani abu muka ba ki."

Yanzu gwiwoyinta na gaskiya sun ce ta huta, a ƙarshen watan nan za ta bar wa 'yar ƙanwarta kantin.

Goggo, ke ce gada, an bi ta kanki an haye, ba ki taɓa cewa a tsaya a gode miki ba. Ke kika koya musu cewa kafin a kalli takarda, sai an kalli mai riƙe da ita. Akwai tsofaffi da yawa da ke shan maganinsu daidai a yau, ba su san sunanki ba, ba su san da hannunki a ciki ba. Mun gode. Allah Ya ƙara lafiya, Ya sa cututtukanki su tsaya a na aro.

Ku kuma da kuka riga kuka haye, a kowace irin sana'a kuke, ku waiwaya. Akwai wani a bayanku da ya san aikin, abin da ya rasa kawai shi ne wanda zai ce masa, "Gobe ka zo."