Zayyanar Malam Garba na Yasore

Har na tsufa ban manta da ranar da Malam Babba ya aike ni Yasore ba, a shekarun da Katsina ke kai gaisuwa Sakkwato. Malam Babba shi ne shugaban marubuta Alƙur'ani a Batsari, ni kuma mai riƙe masa gafakar zayyana.

Ga wanda bai san aikin ba, zayyana ita ce adon da ake zanawa da jar tawada da rawaya da baƙa a farkon littafi da wajen kowane izu. Bayan girbi nakan zaga garuruwa har Safana da Tsaskiya, in karɓo takardun samfuri daga hannun masu yi, kowace ba ta wuce tafin hannu ba. Sai mu shimfiɗa su kan tabarma a zauren Malam, in tsaya ina faɗin sunan mai kowace, duk mai son a ƙawata masa littafi ya zaɓi hannun da ya yi masa.

A waccan shekarar wani malami ya zo daga Birnin Katsina. Ya daɗe tsugune kan guda biyu, duk na Malam Garba na Yasore, sannan ya ce wannan hannun yake so a Alƙur'aninsa gaba ɗaya. Malam Babba ya ce, "Sale, ɗauki biyun nan ka kai wa Malam Garba, ka ce ya zo a gan shi."

Shekara shida ina karɓar aiki wajen Malam Garba, kullum a zaurensa, kullum takardun na naɗe a gefensa. Muka gaisa, na tambayi iyali da gona, na miƙa masa ɗaya na ce ita baƙon ya fi yabawa. Ya karɓa, ya kai ta kusa da fuska, ya ce, "Ai jan nan ya zauna sosai."

Bayan takardar yake kallo, inda babu ko ɗigo.

Na kasa magana, har ya ji shirun ya yi yawa. Ya ajiye takardar a hankali ya ce, "Na juya ta, ko?"

"Allah gafarta Malam, tun yaushe?"

"Damina bakwai ke nan."

Ya ɗaga murya ya kira yayarsa, Inna Dije, wata dattijuwa da na sha gani tana sassaƙar ƙorai a tsakar gida. Da ta zauna bakin ƙofa sai na lura da yatsunta, duk tawada ta rine su. Ta ce lokacin da idonsa ya tafi akwai aikin mutane a hannunsa, ta ƙarasa masa don kada ya ji kunya, daga nan ta ci gaba. Shi yake faɗa mata inda izu ya faɗo, ita take zanawa.

"Sale," in ji ta, "ni ban nemi suna ba. Kada ka tona masa asiri."

Malam Garba ya ce, "A'a, Yaya. Littafin Allah ne za a kawo. Ba zan karɓe shi da ƙarya ba."

Na komo Batsari cike da kunya, domin da bakina na shekara shida ina shaida wa mutane abin da ban gani ba. Na faɗa wa Malam Babba komai a gaban baƙon. Baƙon ne ya tambaya ko tana da karatu, ko tana riƙe alwala in za ta taɓa takarda. Na ce ƙaninta ya tabbatar min ta sauke tun tana yarinya. Ya ce to a kai mata aikin.

Malam Babba bai yi min faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Daga yau kada ka kawo min takardar da ba ka ga alƙalami a kanta ba." Washegari da na shimfiɗa tabarma, sunan Inna Dije na faɗa.

Ku da za ku riƙe gafakar nan bayana, ku zauna ku ga hannu yana aiki kafin ku ambaci suna. Na koyi cewa a sana'ar nan mai aikin yakan kasance can cikin gida, kuma ba zai fito ya faɗa ba sai an je an tambaya.