Dakta Ƙasa-ƙasa

Duk wanda ya san Bappa Isa ya san ba a durƙusa masa. Ba da baki yake hanawa ba, da haka ne ai da sauƙi. Kana rusunawa zai rusuna ya fi ka. Ka tsuguna, ya durƙusa. Ka durƙusa, ya zauna dirshan. Ka zauna, wallahi sai dai ka ga dattijo mai furfura, mai digirin digirgir a ilimin zamantakewar ɗan'adam, ya miƙe a ƙasa da babbar rigarsa yana tambayar ka ya iyali. Shi ya sa a duk Gusau ba mai kiran sa Dakta Isa. Dakta Ƙasa-ƙasa ake cewa, kuma yana amsawa.

Ni kam wannan hali nasa ya cuce ni, kuma yau sai na faɗa, tunda ba ya nan balle ya katse ni. Ƙanin mahaifina ne. Ina ƙarami mahaifina ya rasu, Bappa ya je Bilbis ya ɗauko ni ya kawo ni gidansa a Damba, ya ciyar da ni, ya sa ni makaranta, ya yi mini aure. Abu ɗaya na so in yi masa a duniya: in kai gwiwata ƙasa a gabansa kamar yadda kowane ɗa yake yi, in ce na gode. Sau ɗaya tak! Mutumin nan ya hana ni.

Shi fa a wajensa ba wasa ba ne, ilimi ne. Ya karantar da shi a jami'a, ya rubuta littattafai a kai, ɗalibai suna haddacewa, manya suna jin haushi. Yakan ce mana, “In ka shiga taro, kak ka wahal da kunnenka da jawabi. Dubi wa ab bisa kujera, wa aƙ ƙasa, wa yac cire takalmi tun daga ƙohwa. Ka gama karatun garin.” Ra'ayinsa shi ne mulki ba a kan karaga yake zaune ba, a kan gwiwar talaka yake zaune. In aka ce masa ai kai ma kana durƙusawa, sai ya ce shi bai hana ladabi ba, abin da ya ƙi shi ne ladabin ya riƙa gangarowa gefe guda kullum kamar ruwan indararo.

Saboda irin wannan magana aka sa masa ɗan gurguzu, aka sha gayyatar sa ofishin 'yan sanda. Wata rana wani kurtu ya daka masa tsawa, “Zauna a ƙasa!” Bappa ya washe baki ya ce, “Allah shi yi ma albarka, ɗana. Yau dai na samu wanda yag gane karatuna.” Da yamma suka sako shi, wai yana ɓata musu aiki.

Na farko da na gani da idona a bakin tasha ne. Mun fito kasuwa sai ga wani tsohon manomi daga Wanke, wanda Bappa ya taɓa tsaya wa lokacin da wani mai hali ya so ƙwace masa gona. Tsohon na hango shi ya yar da sanda, ya cire takalmi, ya zube.

“Ranka shi daɗe, Dakta!”

Bappa ya zube shi ma. “Naka shi daɗe, Baba. Tashi.”

“Haba, in tashi kana ƙasa?”

“To ni in tashi kana ƙasa?”

Tsohon ya ƙara sunkuyawa, Bappa ya kishingiɗa. Tsohon ya kishingiɗa, Bappa ya kwanta. Kafin in ankara ga su nan su biyu a miƙe gefen titi, suna hirar damana da tsutsar masara hankali kwance. 'Yan kabu-kabu suka tsattsaya, mata suka fara salati, wani ya sheƙo da ruwa a buta yana tambayar wace mota ce ta buge su. Ni ina tsaye da ledar albasa, ina roƙon ƙasa ta tsage in shige. Da na gaya masa haka a hanya sai ya ce, “Da ta tsage ai da ni zan riga ka.”

Sai kuma taron Tsafe, wanda na san da yawanku kuna wurin. An gayyace shi ya yi lacca a kan talaka da mulki. An kafa dandamali mai tsawo, an jera kujerun kushin na manyan baƙi, jama'a kuwa suna ƙasa a rana. Bappa ya dubi dandamalin, ya dubi jama'a, ya karɓi makirfo, ya ɗaga labulen da aka zagaye ƙasan dandamalin da shi, ya shige. Daga can ƙarƙashi ya yi laccar gaba ɗaya. Lasifika na amo, ba a ganin mai magana. Manyan baƙi suna zaune ƙiƙam, murya na fitowa daga ƙarƙashin takalmansu tana cewa, “Ku lura da kyau, jama'a. Yanzu haka su na bisa kaina. To ku haka kuke kullum.” Wata tsohuwa ta tattara tabarmarta ta bar wurin, wai ita ba ta zama inda aljani ke wa'azi. Shugaban taro kuwa, da ya zo jawabin godiya, bai san inda zai duba ba, sai ya sunkuya ya gode wa katako.

Mutum ɗaya ce ta ci ribar wannan ilimi: matarsa, Inna Hajara. Tun tana amarya ta durƙusa ta miƙa masa tuwo, ya kwanta ya karɓa, miya ta kwarare masa a hannun riga. Daga ranar ta daina. A tsaye take miƙa masa kwano, kamar mai ba da saƙo. Har yau in tsararrakinta suna kukan ciwon gwiwa sai ta ce, “Ni dai ban san abin da yar rubuta cikin littahin nan ba, amma gwiwata lahiya lau take.”

Ranar da hankalina ya fi tashi ita ce ranar neman aurena a Bungudu. Mahaifin yarinyar, Alhaji Garba, dattijo ne mai fataucin hatsi, shi kuma nasa taurin kan na girmama baƙo ne: ba ya yarda baƙonsa, balle malami, ya zauna ƙasa da shi. Tun a mota na roƙi Bappa.

“Don Allah, Bappa, yau kaɗai. In an ba ka kujera ka zamna.”

“Aure kaka so ko kujera?”

“Aure.”

“To bar mini kujera.”

Suka shiga zaure da sauran dattawa, ni na tsaya a mota tunda ango ba ya shiga. Shiru, shiru. Da abin ya ishe ni na lallaɓa na leƙa ta taga. Kujera guda ɗaya ce a zauren, mai hannu, an shimfiɗa mata darduma, ba kowa a kai. Alhaji ya sauka kan tabarma, Bappa ya sauka daga tabarma zuwa daɓe. Alhaji ya kishingiɗa, Bappa ya kwanta. Alhaji ya ce, “A gidana? Wallahi ba a yi ba!” Ya cire hula ya kwanta shi ma. Sauran dattawan, da suka ga manya biyu a ƙasa, kunya ta hana su zama, suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya. To daɓen zauren yana da ɗan kwari ta wajen ƙofa, inda ruwa ke taruwa. Ina kallo Bappa ya fara mirginawa can a hankali. Alhaji ya gane, ya miƙa ƙafa ya tare shi.

Ana cikin haka liman ya yi sallama ya shigo. Ya ga dattawa a jere a miƙe, ya dafe ƙirji ya ce, “Innalillahi! Yaushe? Duk gaba ɗaya?”

A kwance aka nemi auren, a kwance aka bayar, kowa yana kallon azara. Alhaji ya ce duk gidan da yake da mutum mai taurin kai irin wannan ba za a wulaƙanta masa ɗiya a ciki ba. Matata har gobe in mun yi faɗa sai ta ce in tuna fa ba a tsaye aka ba ni ita ba.

Bayan biki na ƙudura sai na yi godiyar nan ko ta halin ƙaƙa. Na yi ta dakon sa, har ran nan na same shi a kan tsani yana gyaran indararo. Na ce yauwa, yau ka shiga hannu! Na zube a gindin tsanin. “Bappa, na zo in…” Ban ƙarasa ba na ji tim! Dattijon nan ya diro. Ya gurɗe ƙafa, yana kwance yana nishi, amma fuskarsa fal murna. “Ka so ka yi mini juyin mulki,” in ji shi, “Allah bai ba ka sa'a ba.” Ni na goya shi zuwa wurin mai ɗori, a hanya yana ta mitar na ɗora shi bisa bayan talaka.

Da ciwon ajali ya zo aka kwantar da shi a asibiti, kan gadon ƙarfe mai tsawo. Na shiga na gan shi can sama, ya rame, ba ya iya ko juyawa. Ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ta ce ga dama ta samu. Na fara lanƙwasa gwiwa, sai ya buɗe ido ɗaya.

“Kul. Ku sauke katihwag ga ƙasa.”

“Bappa, likita ya hana.”

“Kira shi. Ɗalibina na, ya san karatun.”

Aka sauke. Likita da kansa ya riƙa tsugunawa yana duba shi, Bappa yana ba shi haƙuri wai ba shi da sauran ƙarfin da zai fi shi ƙasa. A kan katifar nan ya cika, ranar wata Laraba da hantsi.

Kun dai ga abin da ya faru wurin zaman makoki. An yi hayar kujeru saboda manyan baƙi, sai ga manyan baƙin duk ɗalibansa ne: lauyoyi, shugabannin ƙungiyar ma'aikata, har da masu jiniya. Ba wanda ya taɓa kujera. Suka zube a ƙasa da shaddodinsu, suka kama manoman Wanke da 'yan dakon tasha suka ɗora su a kai da ƙarfin tsiya. Bayin Allah suna zaune a ɗofane kamar masu jiran allura, suna roƙon a yi musu rai a bar su su sauka.

Amma ni abin da ya tsaya mini a rai a maƙabarta ya faru. Da aka sa shi a kabari, aka ce ɗansa ya matso ya jera itace. Na matsa bakin ramin ina jerawa, sai na lura gwiwoyina biyu suna ƙasa, a gabansa, kuma bai motsa ba. Abin da na nema tun ina yaro ga shi na samu, sai na ji ba na so. Na fi son ya diro daga wani wuri ya ɓata mini shiri. Na dai sunkuya na ce, “Bappa, na gode.” Sannan na duba da kyau, dariya ta kuɓuce mini tare da hawaye, har na kusa da ni ya taɓa ni. Ina durƙushe, amma ko a ranar ma ya fi ni ƙasa.

Ya Allah, bawanka Isa bai taɓa yarda a ɗaga shi sama da kowa ba a duniya. Ka gafarta masa, ka yalwata masa makwanci, ka ɗaga shi Kai da kanka zuwa Aljanna mafi ɗaukaka. Na san halinsa, ba zai ji daɗin hawa shi kaɗai ba, don haka ka haɗa shi da tsohon nan na Wanke da duk talakan da ya taɓa kwantawa dominsa, ka ɗaga su tare. Amin.