Kai Biyu a Fuskar Waya: Tafiyata Bakin Iyaka

Birnin Kebbi zuwa Bagudo

Ana idar da sallar asuba muka tashi, ni da direbanmu Malam Bello. Ni ungozoma ce, an aike ni in koya wa ma'aikatan wani ƙaramin asibiti da ke bakin iyakar Benin aiki da sabuwar na'urar duba ciki. Girmanta bai wuce tocila ba, da waya ake haɗa ta, hoton ya fito a fuskar wayar.

Mun bi ta Kalgo da Bunza, muka karya da ƙosai a Dakingari. A Bagudo albasa ce jibge ko'ina a gefen titi, har ƙamshinta ya biyo mu cikin mota.

Bagudo zuwa iyaka

Da muka haye gadar kogin Kwara sai shingayen bincike suka yawaita. A ɗaya wani jami'i ya buɗe jakata, ya ɗaga na'urar yana jujjuya ta.

"Hajiya, wannan fa?"

"Cikin mutum take gani, ranka ya daɗe."

Ya dubi tumbinsa, ya yi dariya, ya ce mu wuce kafin ta tona masa asiri.

Daga nan kwalta ta ƙare. Muna dab da ƙauyen da asibitin yake, wayata ta soma yi mini maraba da Faransanci, ashe layin Benin ta kama.

A asibitin

Inna Hajo ce ta tarbe mu, dattijuwar ma'aikaciyar lafiya da ta karɓi haihuwar rabin garin. Ta ba mu fura da nono, ta sauke ni a ɗakinta. Washegari da muka fara darasi ta ƙi taɓa wayar.

"Ɗiyata, abin ga ba ya jina. In na taɓa sai shi yi shiru."

Na ce ta gwada. Gaskiyarta, ta danna, ko motsi. Na kama hannunta na duba, yatsun sun bushe ƙamas saboda wanki da sabulu. Na ɗiga mata ɗan mai ta murza, ta sake taɓawa, fuskar wayar ta buɗe. Ta ja da baya, sannan ta matso da kujerarta. Har azahar tana jero mini tambayoyi.

Da la'asar wani masunci ya kawo matarsa Safiya daga tsallaken iyaka, cikinta ya tsufa, ƙafafunta a kumbure. Dandanci kawai take ji, Inna ce tafinta. Na miƙa wa Inna na'urar. Ta ɗora a kan cikin Safiya, tana bi a hankali yadda na nuna mata. Can ta tsaya.

"Kai ne wanga?"

"Kai ne, Inna."

Ta gangara gefe, ta sake tsayawa. "To wanga fa?"

Tagwaye ne, na ƙasan kuma a gicciye yake. Muka ce sai babban asibitin Bagudo. Mijin ya ce a'a, duk 'ya'yansa a gida aka haife su. Inna ba ta yi musu da shi ba, ta jawo shi ta nuna masa fuskar wayar da yatsa. Ya daɗe yana kallon wani ɗan ɗigo yana bugawa.

"Mi ne ne ke motsi?"

Inna ta ce, "Zuciyar ɗanka ce, Malam. Ga ta ɗan'uwansa can."

Ya cire hula ya shafa kai. Ya tambaya ko motarmu tana da wuri.

Komawa

Da safe muka ɗauko su. Malam Bello ya bi ramukan hanyar kamar mai ɗauke da ƙwai, Safiya na riƙe da hannuna har ƙofar asibitin Bagudo, inda aka karɓe ta aka ba ta gado. Na'urar tana can hannun Inna.

Na iso gida ana kiran magariba. Na gode wa Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu, na gode wa Inna Hajo da tabarmarta. Safiya kuwa, aka ce mini an yi mata aiki bayan sati, an ciro namiji da mace, duka suna shan nono.