Mai Cin Kwanon Farko

Haliru taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, saboda haka ina da ikon faɗin gaskiya a kansa, kuma babu abin da zai yi mini. Sana'arsa ɗinke bakin buhun albasa a Aliero, da basilla da igiya, tun yana saurayi har ga shi yau da furfura. Amma in ka je Jega ko Maiyama ka ce kana neman Haliru mai ɗinkin buhu, sai a yi ta kallonka. Sai ka ce Haliru Ƙafa, nan take za a gane. Wannan suna ya ciyar da shi shekara goma sha bakwai, kuma shi ne ya kusa kashe wa 'yarsa jari a yini ɗaya.

Masu sayar da abinci a wajenmu sun yarda cewa wanda ya fara saye da safe shi ke buɗe kasuwar ranar. Wani in ya fara, kafin azahar an kankare tukunya. Wani kuwa in ya fara, sai a yini ana korar ƙuda. Ranar buɗe sabon wuri abin ya fi tsanani, don ana ganin ƙafar da ta fara shiga ita za ta bi wurin har ƙarshensa.

Yadda Haliru ya samu sunan, ina wurin. Ni Lauwali, ɗan kabu-kabu ne, ni na ɗauko shi a mashin zuwa Jega zai sayi igiya. Ruwa ya tsuge, muka nufi wata sabuwar rumfa kusa da tasha. Wata mata ce mai suna Iyatu ta kafa ta, ranar ce ma ranarta ta farko. Na tsaya jingine mashin, shi ya riga ni shiga, ya sayi tuwon shinkafa da miyar sure, wato yakuwa. Bai gama wanke hannu ba sai motar fatake ta lalace daidai ƙofar rumfar, mutum kusan arba'in suka sauko da yunwa. Kafin la'asar Iyatu ta ɗora tukunya sau uku. Da na riga shi da taku uku, da yau ni ake kira Lauwali Ƙafa. Wannan abu yana cina har yanzu, ba zan ɓoye ba.

Iyatu ba ta iya riƙe magana ba. Cikin wata biyu duk wadda za ta ɗora tukunyar sayarwa tsakanin garuruwan nan uku sai ta aika a kira Haliru. Har tsari abin ya samu. Dole cinikin farko ya zama ciniki, ba kyauta ba, don haka sai mai wurin ta kira shi bayan rumfa ta damƙa masa kuɗin kwano, shi kuma ya zagayo ta gaba, ya yi sallama kamar bai taɓa ganinta ba, ya tambayi farashi, ya biya. In ya cinye sai ya ce, “Ya yi.” Iyakar aikin ke nan. Ni ke kai shi, ni ke jira a waje, in na ga dama in sayi nawa da kuɗina.

Malam Yahaya, limamin unguwarmu, ya taɓa tare shi bayan sallar azahar ya gaya masa wannan camfi ne, arziki na Allah ne. Haliru ya sunkuyar da kai ya ce, “Gaskiya na, Malam.” Washegari na kai shi buɗe wani wurin masa a Maiyama.

Shekarun nan an yi ta buɗe wurare. Jami'a ta cika Aliero da ɗalibai, rumfuna suka jeru a bakin hanya, wannan shinkafa da wake, waccan indomi da ƙwai. A Sabon Garin Jega wata Dorothy, matar Filibus malamin makaranta, ta buɗe wurin sakwara da miyar agushi. Fastonsu ya zo ya yi addu'a da safe, yana fita ta aika aka kira Haliru, ta ce ita ba za ta bar wata ƙofa a buɗe ba. Daga baya wani yaro ɗan boko, Nazir, ya buɗe shagon shawarma a Jega, da ƙofar gilas da janareta. Haliru ya karɓi abin, ya warware shi a kan faranti, ya duba cikinsa sosai, ya cinye naman, sannan ya ci burodin daban. Ya ce ya yi.

An kuma yi ta rufewa. Aka yi wa Filibus canjin wurin aiki, Dorothy ta kwashe tukwanenta ta bi shi. Malaman jami'a suka shiga dogon yajin aiki, rumfunan bakin hanya suka zama wurin kwanan awaki. Fetur ya tashi, janaretan Nazir ya yi shiru, yanzu cajin waya ake yi a shagon. Ita kanta Iyatu gwiwa ta hana ta tsayuwa, 'ya'yanta suka ce ta huta. Abin mamaki, babu wanda ya taɓa ɗora wa Haliru laifi. Ranar buɗewa ƙafarsa ce, ranar rufewa kuwa kullum akwai wani mai laifi a kusa, ko gwamnati, ko miji, ko masu hassada.

Mutum ɗaya ne yake riƙe da labarin duka, shi ne Haliru da kansa. Wata rana muna dawowa daga Maiyama, sai na ji yana jero sunaye a bayana kamar mai tilawa. Na ce lafiya? Ya ce, “Lauwali, wuri talatin da huɗu nib buɗe. Biyat ɗai sunka rage.”

Na ce to sai me, ai haka sana'ar abinci take.

“A'a,” in ji shi. “Ƙahwag ga tawa ba ta da kyau. Mutane ba su lura ba na.”

Na yi masa tatas. Na ce da mai cewa ƙafarsa ke kawo ciniki da mai cewa ƙafarsa ke kashe shi, duk girman kai ne, shi wane ne da zai rufe jami'a wata takwas? Duk da haka bai daina zuwa ba, don yana jin nauyin mutane, kuma in za a faɗi gaskiya yana son abinci.

Ana nan sai Balkisu ta tashi buɗe nata wurin. Balkisu 'yarsa ce ta fari, kuma Haliru mutumin da ne, yana yi mata irin alkunyar nan ta ɗan fari. Ba ya kiran sunanta, ba ya yabonta, in ta ajiye masa abinci sai ta fita kafin ya buɗe. Aure ya kai ta Maiyama. Mijinta Rabi'u direba ne, ya rasu ya bar ta da yara uku. Shekara shida ta yi tana wanke-wanke da tuƙin tuwo a wuraren mutane. Da ta gaji, sai ta sayar da keken ɗinkinta da tumakinta biyu, ta kama rumfa a bakin babban titi inda manyan motoci ke tsayawa. Abin da ya rage ta zuba shi duka a shinkafa da nama da mai da itace. In abincin ranar farko bai fita ba, babu abin da za ta ɗora rana ta biyu.

Ta zo Aliero da kanta, ta durƙusa daga bakin ƙofa ta ce, “Baba, ran Asabat za ni buɗewa. Kai nika so ka hwara ci.”

Ya kalli bango ya ce, “To.”

Ranar Asabar da hantsi ya same ni ina goge mashin. Fuskarsa kamar wanda aka aiko wa sammaci. Ya ce ya yi shawara. Ba zai iya ce mata a'a ba, kuma ba zai iya sa ƙafarsa a jarin marayu ba. Saboda haka za mu tafi, amma mu tsaya a Jega mu ɓata lokaci. In ta gaji da jira, wani direba zai zo ta sayar masa, ƙafar wani ta riga tasa, sai mu isa daga baya mu ce taya ce ta yi faci.

Ya kamata in ƙi. Ban ƙi ba, don a lokacin har na ga dabarar ta yi kyau, kuma na daɗe ina son in ga ranar da wani zai riga Haliru kwano. Muka zauna ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro a Jega, kusa da masu faci, don ƙaryar ta samu wurin jingina. Ya kashe wayarsa, ya sa na kashe tawa. Muka yi azahar a nan. Na sayi ƙosai na miƙa masa, ya ce ba ya jin yunwa, abin da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Sai da aka yi la'asar ya ce yanzu kam ko wace ce ta sayar.

Da muka isa Maiyama, tun daga nesa na ga abin bai yi daidai ba. Benci biyu sababbi, babu kowa a kai. Kwanoni a kife, a bushe. Tukwane uku a rufe kan murhu, wutar ta zama toka. Balkisu na zaune a kan 'yar kujera ta haɗa hannuwa a gwiwa.

Wani mai shayi da ke maƙwabtaka da ita, Abdulbasit, bai bari na kashe mashin ba. Ya ce tun safe ƙamshi ke jawo mutane. Manyan motoci biyar sun tsaya, da bas ɗin 'yan kasuwa cike, da ma'aikatan sakatariya. Kowa ya zo sai ta ce ba a buɗe ba tukuna. Wani direba har ya ajiye kuɗi a kan benci, ta mayar masa. Duk sun tsallaka titi sun ci a wani wurin. Ta yi ta ƙara itace don kada abincin ya huce har itacen ya ƙare.

Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Na buɗe baki zan fara zancen taya, Balkisu ta dubi tayoyin mashin ɗina, ta dube ni, ta ce, “Sannu da zuwa, Baba Lauwali.” Sai na rufe bakina.

Haliru ya tsaya a bakin rumfar, ya ƙi taka ciki. Ya ce, “Mi yah hana ki saida ma mutane?”

“Kai nika jira.”

“Da gangan niƙ ƙi zuwa,” in ji shi. “Ƙahwata ba ta da albarka. Wuri talatin da huɗu nib buɗe, biyat sunka rage. Ban so naki shi shiga cikinsu ba.”

“Na sani, Baba,” ta ce. “Huɗu daga ciki ni ka wanke musu kwanoni ran da anka ruhe. Ba ƙahwa tar ruhe su ba, kowane da abin da yas same shi.”

“To, tunda kin sani, mi kika jira?”

Ta yi magana tana kallon ƙasa, kamar yadda ta saba a gabansa. “Mutum talatin da huɗu ka zamna gabansu, ka ci, ka ce musu ya yi. Ni tun ina ɗiya ƙarama nika dahwa maka abinci, ban taɓa ganin ka kai loma baki ba. Nic ce yau tunda saidawa nika yi, dole ka ci gabana.”

Mai shayi ya koma ya kama goge teburin da ya riga ya goge.

Haliru ya cire takalmi, ko da yake rumfar ƙasa ce babu tabarma, ya shiga ya zauna. Ta buɗe tukunya. Shinkafar ta yi sanyi ta dunƙule, man miyar ya kwanta a sama, gindin tukunyar ya kama. Ta zuba masa, ta tsaya a gefe, ba ta fita ba. Ya ci a hankali, kansa a sunkuye. Na ga ruwa na sauka daga gemunsa, na juya na shiga duba sarƙar mashin ɗina, wadda babu abin da ya same ta. Ya cinye tas, ya suɗe kwanon da yatsa. Abin da ya ce mata ban ji ba, don a hankali ya faɗa, amma na ga ta rufe fuska da mayafi.

Rana ta fara yin ƙasa, kuma abincin mutum kusan ɗari na nan a tukwane. Abdulbasit ya kawo itacensa ba tare da an roƙe shi ba, ni na durƙusa ina hura wuta, hayaƙi na cika mini ido. Da na ɗago, ban ga Haliru a benci ba.

Yana can bakin kwalta, ba takalmi, dattijo mai shekara sittin da 'yan kai, wanda duk rayuwarsa sai an aika an kira shi kafin ya je wurin cin abinci. Ya cire hularsa yana ɗaga wa manyan motoci, yana nuna rumfar da ɗaya hannun, yana ihu da iyakar ƙarfinsa wai akwai abinci, ɗiyarsa ce ta dafa. Mota ta farko ta wuce ta watsa masa iska. Ta biyu ma ba ta tsaya ba. Ya ƙara matsawa kusa da kwalta, ya ɗaga hular sama.